Baffa Mai Kai Saƙon Rasuwa

Baffa ya rasu bayan sallar asuba, tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Ƙanen mahaifina ne, shi ne kuma na ƙarshe cikin mazan gidanmu na wancan zamani. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci.

A kwanakin zaman makoki na lura da wani abu. Duk wanda ya zauna kan tabarma aka yi addu'a aka shafa, ba ya farawa da yabon hali kamar yadda aka saba. Da nasa mamacin yake farawa. Wani dattijo daga wajen Cadakori ya ce, "Shi ya gaya mini rasuwar innata." Na kusa da shi ya ce, "Ni ɗana na fari." A cikin gida ma haka, matata ta ce wata tsohuwa ta yi ta maimaitawa, "Sai da ya sa na sauke tukunya daga wuta, ya sa na kwance goyo na miƙa wa maƙwabciya, sannan ya buɗe baki. Da a tsaye ya gaya mini, da cikin wutar nan zan faɗa, ni da yaron."

Ana cikin haka taubashinsa ya iso daga Gidan Runji, tsoho tukuf, yana dogara sanda. Bai ko zauna ba ya ce, "Ina shi ke, maƙaryacin? Shi da ya kashe ni tun ina da haƙora, ga shi ya riga ni tahiya!"

Mutane suka yi dariya, liman ma sai da ya sunkuyar da kai yana murmushi. Tsohon ya zauna, ya ja gefen rawani ya rufe fuska, ya daɗe bai ɗago ba.

Baffa manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu da ke kusa da Agiye, yana gero, yana aya, yana da ƴan awaki. Amma tun yana saurayi wani aiki ya hau kansa, ba sarauta ba ce, ba a kuma biyansa. In an yi rasuwa a garinmu, shi ake aika ya sanar da dangin da ke nesa. Yana da tsohon keke baƙi, da shi ya zagaye ƙauyukan nan har tsallaken iyaka. Ni karatuna bai wuce ƴan shekaru a lakol, makarantar boko, ba, ban iya tsara zance kamar masu ilimi ba. Na rubuta wannan ne don na ga yaranmu sun tashi ba su san an taɓa yin irin wannan aiki ba, don kuma ranar da ya rasu saura kaɗan in ɓata amanar da ya bar mini. Amanar ita ce Gwaggo, yayarsu duka, wadda ke aure a wani ƙauye bayan Gazawa, dab da iyaka. Ya ce in ya mutu, kada labari ya same ta sai da ƙafa.

Yana da hanyarsa ta yin aikin. Ba ya kai keke ƙofar gidan da aka aike shi. A masallaci yake jingine shi, ya taka a hankali kamar mai zuwa neman aron galma. Ba ya gaya wa mutum yana tsaye. Ba ya gaya wa mace a bakin rijiya ko a gaban murhu. In tsoho ne ko tsohuwa, sai ya fara neman wanda zai zauna kusa da su. Ba ya yin ƙarya kuma, ko ta lallashi. Akwai masu cewa, "Jiki ne ya yi tsanani, ana nemanka," alhali an riga an binne. Baffa ya ce wannan sa mutum yin kuka sau biyu ne.

Aikin ya jawo masa abin da bai nema ba. Mutane suka riƙa tsoron ganinsa. In mata suka hango baƙin keken nan daga nesa, sai daka ta tsaya, kowa ya fara lissafin wa ke gare shi a garinmu. Har ya zamana in ziyara ce kawai ta kai shi, tun daga bakin gari yake ɗaga murya, "Lahiya lau! Zumunci ne! Kowa na da rai!" Yara su biyo shi suna kwaikwayo. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta sha yi masa faɗa a kan haka. Ta ce saboda shi ba a murnar ganinta a gidan biki, ana cewa matar mai labari ta zo. Ta ce ya riƙa kai saƙon haihuwa ma, ko mutane sa saki jiki da shi. Ya ce haihuwa ba ta rasa mai kai ta, kowa na so a ba shi goro.

Zancen taubashinsa kuwa, a farkon aikin ne. Taubashin ya zo garinmu taya girbi, zazzaɓi ya kama shi, ya yi doguwar suma. Mata suka fasa kuka a cikin gida. Baffa yana waje, jin kukan kawai ya hau keke, sai garin uwar mai jinya. Ya zaunar da ita, ya gaya mata cikin natsuwa, ya taho da ita da ƴan'uwanta a amalanke suna hawaye. Suna shigowa suka tarar da taubashi ya jingina da garu yana shan kunu. Ya dube su ya ce, "Sannunku da zuwa. Wa ya mutu?"

Har tsufansu bai bar Baffa ya huta ba. Duk haɗuwa sai ya miƙa masa hannu ya ce, "Taɓa ka ji, da sauran ɗumi." Daga ranar Baffa bai ƙara hawa keke ba sai ya shiga ɗaki da kansa ya taɓa ƙafar mamaci.

Ni ma na ɗanɗana hannunsa. Lokacin da mahaifina ya rasu ina cirani a Jibiya, ina ga-ruwa. Da rana tsaka na juyo da kurata sai na gan shi zaune a inuwar wani shago, ƙafafunsa duk ƙura. Bai ɗaga murya ya ce zumunci ne ba, ni kuwa ƙuruciya ta sa ban lura ba.

Ya ce, "Yunwa nake ji. Kai ni inda kake cin abinci."

Muka ci shinkafa da wake. Ya tambaye ni wurin kwana, ya tambayi mutanen garinmu da ke can. Sannan ya ce mu je mu yi alwala. A inuwar masallaci, bayan mun zauna, ya ce, "Ka san jikin babanka ya yi nauyi tun kaka."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "To, nauyin ya ƙaru bayan tahowarka."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana jan tsinke a cikin rairayi. Ni da bakina na tambaya, "Baffa, ya rasu?" Ya ɗora hannu a gwiwata ya ce, "Ya rasu, jiya da la'asar. Ni na sa shi a kabari." Daga baya na gane haka yake yi wa kowa. Yana raka mutum har bakin labarin, ya tsaya, sai mutum ya tambaya da kansa.

Sai salula ta shigo gari. Ni ne ma na kafa rumfar caji a bakin kasuwa, na sa sola a kan rufi, samari na taruwa wurina. Labarin mutuwa da a dā yake tafiyar yini, ya koma isa Legas da Agadas kafin a gama haƙa kabari. Ba na cewa abin ba shi da amfani, mutane da yawa sun samu jana'izar iyayensu ta dalilinsa. Amma aka daina aiken Baffa. Keken ya koma zaure, kaji na kwana a kansa. Wani lokaci a rumfata yake jin rasuwar tsohon abokinsa, daga bakin yaron da bai ma san sunan mamacin daidai ba.

A cikin waɗannan shekaru ne ɗan Gwaggo ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kano. Wani abokin tafiyarsa ya kira gida. Jikanta ya ɗauka, bai san me za a ce ba, ya kai mata salula a kunne tana tsaye tana ɗaura wa akuya igiya. Daga can aka ce, "Ɗanki ya mutu, a zo a ɗauki gawa." Ta faɗi a wurin. Tun ranar ɓarin jikinta na hagu bai ƙara aiki sosai ba, lokotoro a asibiti kuma ya ce jininta na hawa, a kiyaye ta da firgita.

Baffa ya dawo daga duba ta, bai shiga gida ba, rumfata ya nufo. Ban taɓa ganinsa cikin fushi irin na ranar ba. Ya nuna salulolin da ke jere ya ce, "Wanga abu naku ba shi da ido. Bai san mutum tsaye yake ko zaune ba."

Ni da saurin baki, ga samari na kallo, na ce, "Baffa, zamani ya wuce keke."

Suka yi dariya. Ya dube ni, ya juya. Bakina ya sha jawo mini, amma wannan kalma har yau in na tuna ta sai na nemi gafarar Allah. Da yamma na same shi a zaure da goro a hannuna. Ya karɓa, ya ɓare, ya ba ni rabi. A nan ne ya ce, "Ni da Yaya kaɗai muka rage. In na riga ta, kai za ka je. Ba wanga abu ba. Kai."

Na ce na ɗauka.

Ranar da ya rasu, ina ɗakin. Na ga numfashi ya tsaya, na taɓa ƙafarsa, na rufe shi. Na fito tsakar gida kaina ba daidai ba. Hannuna ya shiga aljihu da kansa, irin na wanda ya saba. Muna da zauren dangi a salula, inda ake tura gaisuwa da hotunan suna. Na danna, na yi magana, na ce Allah Ya yi wa Baffa rasuwa yanzu, jana'iza bayan azahar. Na tura.

Sai ga Inna ta leƙo daga ƙofar ɗaki, idonta jawur, ta ce, "Wa zai je wurin Yaya?"

Surukar Gwaggo da jikanta duk suna cikin zauren nan. Na yi ƙoƙarin goge saƙon, na kasa gane inda ake dannawa, ga shi ƴan Maradi har sun fara mayar da ta'aziyya. Na kira surukar, ba ta shiga. Na kira jikan, ba ta shiga. Sai na tuna a ƙauyensu babu rezo, salula ba ta kamawa sai an hau wata jigawa bayan gari. Duk wanda ya fara hawa jigawar nan da salula a hannu, muryata za ta faɗo masa.

Na tada moto, wato babur, ko hula ban ɗauka ba. An yi ruwa, hanya ta yi laushi har na hau kwalta. Daga Agiye zuwa Gazawa ban san yadda na yi ta ba. A shingen jandarma na ce rasuwa ce, ya ɗaga mini hannu na wuce. Bayan Gazawa aka shiga rairayi, gero ta ko'ina ya fi ni tsawo, moto na ta wutsil-wutsil. Nan ne na fara tunanin Baffa a kan kekensa, da rana, da ƙishirwa, yana tafe da labari a baki shi kaɗai, yana juya yadda zai fara. Ni da nake da inji a ƙarƙashina ma na gaji. Na kuma ga ban san me zan ce ba.

Na jingine moto a masallaci, na taka. A ƙofar gidan na tarar da surukar Gwaggo tsaye, ta jingina da darni, salula a hannunta, fuskarta sharkaf da hawaye.

Na ce, "Ta ji?"

Ta girgiza kai. "Yanzu na sauko daga jigawa. Na je kiran ƙanena ne, sai na ji muryarka. Na kasa shiga."

Na ce ta wanke fuska, ta shigo bayana, ta zauna kusa da ita.

Gwaggo na zaune kan tabarma a inuwar bedi, tana tsinke zogale da hannu ɗaya, ta danne reshen da ƙafa. Ta tsufa ƙwarai, amma idonta garau. Na yi sallama, na durƙusa.

Ta ce, "A'a, mai salula! Yau rumfa ta ƙone ne?"

Na ce, "Gaisuwa na zo, Gwaggo."

"Gaisuwa. Kai da ko da salla sai dai a kara mini murya a kunne. Kawo masa ruwa, ke. Ina matarka? Har yanzu tana haƙuri da kai?"

"Tana gaishe ki."

"Gero fa? An ce wajenku tsutsa ta shiga."

"Da sauƙi."

Na sha ruwa. Surukar ta zauna a gefenta na hagu, kafaɗa da kafaɗa. Na so in fara yadda Baffa ke farawa. Na ce, "Gwaggo, kin san jikin Baffa tun bazara…" Na sunkuya ina kallon tabarma. Na rasa ko kalma ɗaya.

Ta ajiye reshen zogalen. Ta dubi surukarta, ta dube ni, ta dubi kaina da ba hula.

Ta ce, "Ɗan nan, tun ina da ƙuruciyata a garin nan, duk wanda ya mutu a gidanmu Auta, Baffanka, ke zuwa. Innarmu, shi ya zo. Babanka, shi ya zo. Da wani ne ya rasu, da shi zan gani."

Ban iya ɗago kai ba.

Ta ce, "Faɗa mini da bakinka. Ka sha hanya, kada ka bar ni da zato."

Na ce, "Baffa ya rasu, Gwaggo. Yau bayan asuba. Ina wurin."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta sake faɗa, ta sake. Jikinta ya ɗan karkata, surukar ta tare ta. Ina ta kallon bakinta da hannunta, amma ba ta faɗi ba. Hawaye ne kawai suka gangaro, ta bar su.

"Ya sha wuya?"

"A'a. Ya yi salla a zaune, ya kwanta."

"An kai shi?"

"Sai bayan azahar."

Ta share fuska da gefen gyale. Ta ce da surukarta, "Ɗauko mini baƙin zanen nan da takalmi."

Na ce, "Gwaggo, hanya ba kyau, ga jikinki. Moto ce na zo da ita."

Ta ce, "Da jirgi na ce ka zo? Hau jigawar nan ka kira su a wannan abin naka, ka ce kada su ɗauke shi sai na zo."

Na hau na kira. Liman ya ce za su jira.

Da na kawo moto ƙofar gida, sai aka rasa yadda za ta zauna, don hannun hagu ba ya riƙo. Maƙwabta suka taru, kowa na ba da shawara, wani ya ce a nemo amalanke, wani ya ce ba za a isa ba sai dare. Gwaggo ce ta yanke. Ta ce a ɗora ta bayana, a kawo zane a ɗaure ta a jikina. Mata biyu suka ɗaga ta, ba ta da nauyi ko kaɗan. Suka zagayo da zanen ta ƙarƙashin hammatarta, suka ƙulle a ƙirjina, surukar ta hau can baya ta rungume ta.

Muka shiga cikin geron. Ina jin numfashinta a wuyana. Mun yi nisa, sai ta ce, "Innarmu na gona, ni ke goyonsa. Ga shi da nauyi, ga kuka. In na gaji sai in tsunkule shi, in ce kunama ce."

Surukar ta yi dariya cikin kuka. Ni ma haka.

Na ƙara wuta don mu cim ma azahar, moto ta yi tsalle a kan wata kunya. Gwaggo ta dunƙule hannunta mai lafiya ta buga mini a kafaɗa.

"Bi a hankali, mai salula. An ce za su jira. Shi ma bai taɓa barin gida ba sai na gama kukana."

Na sassauta. Mun isa rana ta ɗan karkata, mutane cike da ƙofar gida, makara a ajiye, ba a ɗauka ba. Aka kwance ta daga bayana, aka shigar da ita ɗakin, aka sakaya labule.

Allah Ka gafarta wa Baffa. Yadda ya tausaya wa bayinKa a ranakun da suka fi musu nauyi, Ka aiko masa da masu tausasa masa tambaya a kabari. Mu da muka saura, Ka sa mu cika da imani.